Amanar Da Aka Saki a Ƙarƙashin Tarago

Akwai wani mutum a Guci, zamanin da Nasaran Faransi ke mulkin ƙasar Damagaram, sunansa Manu. Gidansu gidan noma da kiwo ne. Da damina gero da wake, da rani a bi shanu rijiya.

Mahaifinsa, Malam Labbo, dattijo ne da ya san kowace saniya a garke da sunanta da na uwarta. Da girma ya zo, sai yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Ya koma zaman gindin gawo, a kai shi da sanda, a dawo da shi da sanda.

Manu yana da amini a Magaria, wani mai fataucin fatu da ake kira Muttaƙa. Amincin na gado ne, domin a gidan uban Muttaƙa Malam Labbo ke sauka idan ya kai shanu kasuwa. Yaran sun tashi suna sa hannu a akushi ɗaya. Shekarar da fara ta cinye gero, Manu ya koro saniyar tatsa har ƙofar gidan Muttaƙa, ya ce a riƙa ba yara nono sai an ga abin da Allah zai yi.

A ƙasarmu ba a shimfiɗa dogo ba. Mai son ganin jirgin ƙasa sai ya ƙetara iyaka zuwa ƙasar Ingilishi, inda layi ya tashi daga Kano ya nufi Nguru. Muttaƙa ya sha shigarsa, kuma ba ya bari kowa ya manta. In ya zauna a rumfa ranar kasuwar Guci, hirarsa ke nan.

"Jirgi ai ni da shi mun san juna," in ji shi. "Daga jin hucinsa na san ko zai tashi ko hutawa yake."

Shi ne ya kawo labarin cewa a Kano akwai likitocin da ke cire yanar ido, makaho ya shiga da jagora ya fito shi kaɗai. Manu ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya shirya guzuri, aka sa rana bayan an ɗaure amfanin gona.

Ana gab da tafiya sai ga gardi, ɗan sandan Nasara, ya iso gari da umarnin kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. Ana neman majiya ƙarfi su je aikin hanya, kuma sunan Manu na ciki. A wancan zamani ba a cewa a'a.

Da yamma Manu ya kama hannun mahaifinsa ya sa a cikin na Muttaƙa.

"Ga Baba nan," ya ce. "Ba ni da wanda ya fi shi, kuma ba ni da wanda zan ba shi in ba kai ba."

Muttaƙa ya bugi ƙirji. "Haba Manu! Ni za ka yi wa wannan magana? Ubanka ubana ne. Sai abin da ya ci ni ya ci shi."

Inna Gaji, matar Malam Labbo, ta ɗaura wa mijinta fura a ƙwarya da ƙullin garin gero. Ta raka su har bakin gari, ta tsaya tana kallon jakunan har kalgo ya ɓoye su.

Suka yi kudu, suka ƙetara iyaka. A hanya Muttaƙa ya yi ta tsayawa ƙauyuka yana cinikin fatu, domin ya ƙara kayan da zai kai Kano. Tsohon ya yi masa magana sau ɗaya.

"Ɗana, kada jirgin nan ya bar mu."

"Baba, ku kwantar da hankalinku. Ni ne fa."

Sai da rana ta take suka iso wata ƙaramar tasha, a makare. Jirgin fasinja ya riga ya iso, yana tsaye a layin can. Tsakaninsu da shi akwai wani dogon jirgin kaya maƙare da buhunan gyaɗa, ya tare gaba tun daga wannan kai har wancan.

Akwai inda aka tanada domin ƙetarawa, can ƙarshen tasha, inda hanyar jakuna ta ratsa dogo. A nan ma'aikacin tasha ke tsayawa da tuta yana ba mutane hannu. Amma da ɗan nisa, ga makaho, ga kaya.

Jirgin fasinja ya yi usur. Muttaƙa ya dubi nisan mahaɗar, ya dubi ɗaurin fatunsa, ya dubi sararin da ke ƙarƙashin tarago.

"Baba, ku durƙusa. Ta ƙasa za mu bi."

"Ƙasan me?"

"Ƙasan jirgin kaya. A tsaye yake, ba inda za shi. Taku huɗu ne da rarrafe."

Malam Labbo ya miƙa hannu ya shafa ƙarfen. Ya ji ɗumi, ya ji kamar wani abu na rawa a cikinsa.

"Ɗana, abin nan da rai a jikinsa. Mu zaga ta inda mutane ke bi. In ya tafi, gobe ma rana ce."

Daga nesa mai tuta ya hango su. Sunansa Abdu. Ya taho a guje yana ɗaga hannu yana ihu.

"Kai mai fatu! Kada ku shiga! Yanzu za a ja shi a haɗa masa wasu taragu!"

Muttaƙa ya waiwaya ya yi tsaki. "Ni za ka koya wa jirgi? Tun kafin a ba ka wannan jan ƙyallen nake shiga Kano."

Ya tura ɗaurin fatun ta ƙasa, ya bi su da rarrafe, yana riƙe da kan sandar tsohon. Malam Labbo ba shi da zaɓi. Wanda ba ya gani, inda jagora ya ja shi nan yake bi. Ya durƙusa ya shiga.

Suna tsakiya sai aka ji ƙarar ƙarfe, tarago ya bugi tarago tun daga can gaba har ta iso kansu. Jirgin ya motsa.

Muttaƙa ya saki sandar. Ya yi tsalle waje, ya fizgo ɗaurin fatunsa da ke bakin dogo.

"Muttaƙa!" tsohon ya kira. "Muttaƙa, ina hannunka?"

Ya lalubi gaba, ya ja jikinsa, ya fitar da kai da ƙirji. Ƙafar hagu ce ba ta fita ba.

Abdu ya yi ta kaɗa jar tuta har direba ya tsayar da jirgin, amma aikin gama ya gama. Mutane suka yo caa. Muttaƙa ya ga jini, ya ga tsohon ya daina motsi. Ya ji wani na cewa a kira ƴan doka, a nemo wanda ya shigo da shi.

A daidai nan jirgin fasinja ya fara tafiya. Muttaƙa ya jefa fatunsa ta ƙofa, ya kama ƙarfe ya haye. Bai waiwayo ba.

Ya sayar da fatunsa a Kano. Da zai koma gida ya bi wata hanya a cikin kamiyo, babbar motar kaya, don kada ya sake ratsa wannan tasha. Yana tafe yana saƙa abin da zai faɗa.

Ya iske Manu ya dawo daga aikin hanya, hannuwansa duk kanta. Tun daga bakin zaure Muttaƙa ya fashe da kuka.

"Sai haƙuri, Manu. Baba ya riga mu gidan gaskiya."

Manu ya zame ya zauna a ƙasa. Ya yi ta salati. Can ya ɗago kai.

"Me ya same shi?"

"Zazzaɓi ne ya kama shi muna isa Kano. Ba irin maganin da ban nema ba."

"Ya sha wahala?"

"Ko kaɗan. A cinyata ya cika. Ni na yi masa wanka, ni na sa shi a makwancinsa."

"Bai bar sallahu ba?"

Muttaƙa ya share ido da bakin riga. "Ya ce in gaya maka ka riƙe zumuncin da ke tsakaninmu."

Manu ya rungume shi, yana ta sa masa albarka. Aka yi zaman makoki, dangi suka zo daga Yekuwa da Dantchiao. Inna Gaji ta shiga takaba. Aka raba shanun Malam Labbo tsakanin magada. Daga cikin rabonsa Manu ya zaɓi karsana mafi kyau ya ba Muttaƙa, ya ce tukuicin suturar da ya yi wa mahaifinsa ne. Muttaƙa ya yi ɗan noƙe-noƙe, sannan ya karɓi igiyar.

Duk sanda Manu ya ce a kai shi ya ga kabarin ya yi addu'a, sai Muttaƙa ya ce a bari zafi ya wuce. Zafi ya wuce, ya ce a bari a gama shuka.

Alhali Malam Labbo bai mutu ba.

Ranar da abin ya faru, Abdu ya kwance rawanin tsohon ya ɗaure masa cinya tamau har jinin ya tsaya. Shugaban tasha ya sa aka kwantar da shi a taragon ƙarshe na jirgin gyaɗar, aka kai shi asibiti a Kano. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ya daɗe tsakanin rai da mutuwa, sannan Allah ya tashi kafaɗunsa.

Abdu mutumin wajen Dantchiao ne da ya ƙetaro iyaka tun yana saurayi, gudun aikin tilas. Da ya ji harshen tsohon ya san na gida ne. Duk ranar hutunsa sai ya shiga jirgi ya je duba shi da ɗan goro.

Abin tausayi, Malam Labbo bai san abin da ya faru ba, domin bai gani ba. A zatonsa sandar ce ta suɓuce, taron jama'a kuma ya raba su. Kullum zancensa ɗaya.

"Yaron nan yana can yana nemana. Allah kaɗai ya san halin da yake ciki."

Abdu ya ga komai da idonsa, amma ya kasa gaya wa majinyaci gaskiya.

Tsohon ya roƙe shi ya aika Magaria. Abdu ya samu wani bafatake da ke kawo gyaɗa tasha daga can, ya ba shi saƙo da baki: a gaya wa Muttaƙa mai fatu cewa Malam Labbo na Guci yana raye a Kano, ya sanar da iyalinsa.

Bafataken ya isar da saƙon har ƙofar gida. Muttaƙa ya ji kamar ƙasa ta tsage. Ya yi ta maza, ya ce ya ji, ya gode, gobe da sassafe zai tafi Guci. Bai je ba.

Ya zauna ya auna. In ya faɗa, ƙaryarsa ta tonu. In ya yi shiru, wataƙila tsohon ya ƙarasa a can, magana ta mutu. Ya zaɓi shiru.

Da ƙafar ta warke, likitocin suka aika da Malam Labbo wajen masu aikin ido. Aka cire yanar ido ɗaya, ya buɗe. Fuskar da ya fara sani da kyau ita ce ta Abdu. Da aka sallame shi, Abdu ya kai shi gidansa kusa da tasha, matarsa ta riƙa yi masa tuwo kamar mahaifinta.

Aka sake aikawa Magaria. Wannan karon ɗan aiken ya dawo da amsa.

"Na same shi. Ya ce shi bai san wani Labbo ba, kuma kada a ƙara zuwa masa da wannan magana."

Tsohon ya juyo da idonsa guda ya dubi Abdu.

"Ɗana, akwai abin da ka sani ba ka gaya mini ba."

Abdu ya sunkuyar da kai, ya faɗa masa duka. Yadda ya hana su, yadda aka saki sandar, yadda aka fizge fatu, yadda aka haye jirgi ana kiran suna.

Malam Labbo bai yi kuka ba ranar da aka yanke masa ƙafa. Ranar nan ya yi.

"Ni na raɗa masa kiran salla a kunne ranar da aka haife shi," ya ce. "Ubansa ba ya gari."

Da ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, Abdu ya nemi izini a wajen aiki. Ya ari jaki, ya ɗora tsohon da sandarsa ta dogarawa, suka yi arewa. A wani ƙauye bayan iyaka suka tsaya shan ruwa, tsohon ya tambayi labarin Guci ba tare da ya faɗi sunansa ba. A nan ya ji cewa Malam Labbo ya rasu tun bara a Kano, amininsu na Magaria ya yi masa sutura, an raba gado, matarsa ta gama takaba.

Suka shiga Guci ranar kasuwa, da hantsi. Manu yana zaune a rumfar masu fatu, tabarma ɗaya da Muttaƙa, suna shan fura a ƙwarya ɗaya.

Wata mai sayar da nono ce ta fara ganin tsohon. Ta saki ludayi ta kwarma ihu. Mutane suka dare, wasu na salati, wasu na neman hanyar gudu. Jakin ya ratso tsakiya har bakin rumfa.

"Manu," tsohon ya ce. "Ashe furfura ta fara fito maka."

Manu ya zabura daga kan tabarma. Ya isa wajen jakin da rarrafe, ya kama ƙafar uban guda, ya lalubi ɗayar ya ji wayam. Ya ɗaga kai yana kallon fuskar.

Abdu ya sauko da tsohon, ya tsaya a kan sanda. Muttaƙa yana nan inda yake, ludayi a hannu, fura na zuba a rigarsa.

"Muttaƙa," in ji Malam Labbo. "An ce kai ka yi mini wanka. Da ruwan ɗumi ka yi, ko da na sanyi?"

Abdu ya ba da labari a gaban kowa, bai ƙara ba bai rage ba.

Muttaƙa ya faɗi ya kama ƙasa. "Baba, tsautsayi ne. Wallahi na ɗauka kun cika. Tsoro ne ya kama ni."

Manu ya fizgi sandar kiwo daga hannun wani ya ɗaga. Uban ya daka masa tsawa.

"Ajiye! Ba a kaina za ka zubar da jini ba."

Ya juya ga Muttaƙa.

"Sakin sanda na yarda tsoro ne. Ƙarfe in ya motsa a kan mutum, ba kowa ke tuna ɗan'uwa ba. Gudun ma in ce tsoro ne. To aike na fari da na yi maka fa? Na biyu fa? A nan ba jirgi a kanka. A zaune kake cikin gidanka, da hankalinka, ka binne ni da raina."

Labari ya riga ya kai gida. Inna Gaji ta fito ko mayafi ba ta tsaya ɗauka da kyau ba, ta rame ta yi baƙi. Ta tsaya gaban mijinta ta daɗe tana dubansa, ta sa hannu ta shafa gemunsa don ta tabbatar. Sannan ta dubi wanda ke durƙushe.

"Ranar sadakar arba'in, daga cikin ɗaki na ji muryarka kana kuka ka fi kowa," ta ce. "Na ce a ƙara maka nono a tuwo, don kai ne ka ga ƙarshensa."

Ta karɓi igiyar jakin daga hannun Abdu, ta ce baƙo ya zo ya sha ruwa.

Aka kai magana gaban mai gari. Muttaƙa ya dawo da karsanar da ɗan da ta haifa. Magada suka maido abin da ya rage na shanu, wasu an riga an sayar, wasu sun mutu a hanyar kiwo. Garken bai sake komawa yadda yake ba.

Abdu kuwa, Malam Labbo ya ce daga ranar ɗansa ne. Abdu ya koma bakin aikinsa da shanu biyu a gaba, kuma duk kaka sai an kai masa gero har tasha.

Muttaƙa ba a ɗaure shi ba, ba a doke shi ba. Amma mai fatu da makiyaya yake ci, kuma daga Guci har Yekuwa ba wanda ya ƙara sayar masa da ko fatar ɗan akuya. A Magaria in ya zauna a majalisa sai ta watse. Dangin matarsa suka zo suka tafi da ita. Kafin damina ta zagayo, mai fatauci ya koma ɗaukar kayan wasu a kasuwa.

Manu bai ƙara yin amini ba. Mutum ne mai fara'a a da, ya koma mai gajeriyar magana. Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, ba ƙafar ba ce. Shi ne duk watannin da mahaifinsa ke kwance a Kano yana jiran a zo, shi yana nan yana sa wa mutumin albarka a kowace salla.

Bayan shekaru, wata rana da la'asar, Muttaƙa ya zo ƙofar gidan su Manu a ƙasa, rigarsa duk faci. Ya yi sallama. Manu yana cikin zaure yana tufka igiya, ya gane muryar, bai ɗago ba. Aka sake sallama.

Malam Labbo, da ke kishingiɗe a gefe, ya ce, "Amsa masa. Sallama haƙƙin Musulmi ce."

Manu ya ce, "Wa alaikumus salam." Ya ci gaba da tufkarsa.

Muttaƙa ya tsaya a rana yana jiran a ce ya shigo. Ya tsaya har inuwar katanga ta iso ƙafarsa. Da ya ga ba a shimfiɗa tabarma ba, ya juya ya kama hanyar Magaria.

Darasi: Jirgin da ke tsaye ba a san sanda zai motsa ba. Kada ka bi ta ƙarƙashinsa ko tsakanin taragunsa, ka zaga ta inda aka tanada ko da za a tafi a bar ka, kuma in ma'aikacin tasha ya ce tsaya, ka tsaya. In an damƙa maka hannun tsoho, ko yaro, ko mara lafiya, tafiyarsa ita ce tafiyarka. In kuma kuskure ya auku, faɗi gaskiya tun da zafinta, domin mutane kan yafe tsoro, amma da wuya su yafe ƙaryar da aka zauna aka shirya. Ku tura wa ƴan'uwa da abokai wannan labari, musamman masu yawan tafiya da waɗanda ke zaune kusa da dogo.